Turken Gwajin Wuta

Litinin, 3 ga wata, 6:40 na safe

168/98.

Likita ya ce in riƙa rubuta awon jinina safe da yamma, in sa rana in sa lokaci. 'Yata, wadda nake kira Mamana, ta sayo wannan littafi da na'urar nan mai matse dantse, ta ce in na ga dama in ƙara da abin da na ci da abin da ya ɓata mini rai. Na ce mata in dai abin da ke ɓata mini rai ne, ta koma ta sayo littafi goma. Shekara arba'in da 'yan kai ina walda, ban taɓa rubuta komai ba sai awon ƙofa da taga. Yau ga ni ana auna ni.

Litinin, 5:15 na yamma

171/99. Abinci ba gishiri.

Talata, 4 ga wata, 6:35 na safe

165/96. Mamana ta je can jiya da yamma, gidan ƙanena Bahago. Kwana tara ke nan da abin ya same shi, kwana biyu da aka sallamo shi daga asibiti. Ban tambaye ta ba, ita ma ba ta faɗa ba. Na dai ji ta tana wanke kwanon da ta kai masa abinci. Ta daɗe a kan kwano ɗaya.

Laraba, 5 ga wata, 5:30 na yamma

174/101.

Wata mata ta zo shago yau da hular kwano da takalmin aiki, ta ce ita ce injiniyar ofishin da ke kula da lambun shaƙatawa na tsakiyar gari. Tun kafin ta zauna na san a kan Turke ta zo. Su ba Turke suke ce masa ba. Ofis sun raɗa masa suna Yunƙuri, yara kuma suna ce masa Ƙaguwa. Tulin ƙarfen nan ne da ke tsaye daura da ƙofar lambun, tsawon mutum biyu da rabi, wanda baƙi ke tsayawa a gabansa suna karkata kai suna cewa sun gane ma'anarsa. Allah ya ƙara musu basira.

Ta ce ya tsage. Babban hannun da ya miƙo kan benci ya fara rinjaya, in ba a gyara ba kafin ƙarshen wata za su yanke shi gaba ɗaya, don ba za su jira ya faɗo wa wani a ka ba. Ta ce tunda sunana ne a jikinsa, ni ya fi dacewa in gyara. Sau uku tana kirana mai fasaha. Na ce to.

Na gaji, kuma ban yi aikin komai ba yau.

Alhamis, 6 ga wata, 6:50 na safe

170/97.

Tunda ba mai karanta littafin nan sai ni, bari in rubuta. Ba ma'ana ce ta yi Turke ba, wutar lantarki ce mara alƙibla. Inda lambun nan yake, a da layin shaguna ne, namu ne na uku daga kwana. Wutar layin nan yau ta zo da ƙarfi ta huda maka ƙarfe, gobe ta zo a galabaice tsinken walda ya yi ta mannewa. Sai Baba, Allah ya jiƙansa, ya kafa doka: ba a gwada wuta a kan kayan mutane. Ya samo guntun ƙarfen titin jirgin ƙasa, ya haƙa rami har ƙugu, ya zuba siminti, ya kafa shi a tsakar fili. Kowace safiya, kafin a taɓa aikin kowa, ka tsinci wani yankin ƙarfe a ƙasa ka liƙa a jikin turken, ka dubi ɗinkin waldar. In wuta ta yi daidai, ka buga turken sau biyu da 'yar gudumar kankare ɓawo, wanda ke bakin injin walda ya ji ya bar ta haka. In ba ta yi ba, ka buga sau ɗaya, ya murɗa, ka sake gwadawa. Ba a magana, ƙarar layin ba ta bari a ji.

Bayan Baba mu biyu muka ci gaba, ni da Bahago. Ina gabas da turken, yana yamma, don kada gwiwar hannunmu ta riƙa karo. Shi da hagu yake komai, malamai sun yi duka har suka gaji suka bar shi. Shekara ashirin da shida muna liƙi. Sifirin mota, ƙafar gado, sarƙa, hannun tukunya, fedar keken ɗinki, duk abin da hannu ya kai. Da ya fi ƙarfin tsayuwa muka koma hawa durom, muna gasar wa zai fi kai nasa sama. Ko sau ɗaya ba wanda ya ja da baya ya kalle shi. A wurinmu shara ce da ta ƙi faɗuwa.

Alhamis, 5:20 na yamma

169/98. Mamana ta sake zuwa gidan Bahago.

Juma'a, 7 ga wata, 5:45 na yamma

176/102.

Na je na gani. Sun zagaye shi da jar igiya. Mai Faci ne ya buɗe mini ƙofa. Shi ne maigadin lambun yanzu, amma a da shagonsa na facin taya yana jikin namu, don haka ba abin da bai sani ba. Muka gaisa, ya ce ya jikin mutumin. Na ce da sauƙi. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce to Allah ya ƙara sauƙin.

Sun shafe Turke da jan fenti, amma fenti ba ya ɓoye mini hannu. Ɗinkina yana kwanciya daga hagu zuwa dama, na Bahago daga dama zuwa hagu, ko makaho ya shafa zai rarrabe. Can ƙasa ga na Baba, mai kauri, ba ado. Na ga fedar keken ɗinkin Inna. Na ga sarƙar da Bahago ya liƙa ranar da aka haifi Mamana, ya ce ya ɗaure ni ke nan, na zama babba.

Tsagar tana yamma, ɓangaren Bahago, cikin wani lungu inda babban sifirin mota ya haɗu da turken. Ɗinkin nan shi ke riƙe da hannun gaba ɗaya. Ɗinki ne mai kyau, Allah shaida, ya isa ya riƙe abin da aka yi shi dominsa har zamanin jikoki. Ba a dai yi shi don abin da aka ɗora masa daga baya ba.

Injiniya ta ɗaga kai ta dubi farantin ƙarfen da ke saman tsagar, mai sunana, ta ce kilo nawa zai yi. Na ce ban auna ba.

Na auna. Talatin da takwas.

Asabar, 8 ga wata, 6:30 na safe

172/99. Ba abin rubutawa.

Lahadi, 9 ga wata, 7:10 na safe

179/103.

Mamana ta ajiye mini shayi ta tsaya, ba ta tafi ba. Ta ce, "Baba, ɓarin damansa ya tafi gaba ɗaya. Magana ma ta tafi. Hagun ne kawai ya rage wa Baffa."

Na ce ai dama da shi yake aiki. Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba, baki ne ya riga hankali. Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ce likita ya gaya musu irin wannan yakan dawo karo na biyu, kuma na biyun ba kasafai yake barin mutum ba. Ta ce matarsa ta ajiye masa cokali kusa da hannu, in yana son a zo sai ya buga ƙarfen gado. Na san gadon. Ni da shi muka haɗa shi lokacin aurensa, ya ce in bai ɗauki mutum huɗu ba shi bai yarda ba. Daga nan ta ce ai ɗan'uwa rabin jiki ne. Sai ta ji abin da ta faɗa, ta kama bakinta, ta fita.

Daga ƙofata zuwa ƙofarsa tafiyar minti ashirin da biyar ce in ka ratsa ta lambun. Shekara goma sha ɗaya ban kai ƙarshenta ba.

Litinin, 10 ga wata, 6:05 na yamma

181/104.

Na kai inji da janareta da tsani. Mai Faci ya riƙe mini tsanin yana ta ba ni labarin ciwon gwiwarsa. Na gwada wuta a kan wani guntun rodi a ƙasa, ta yi daidai, hannuna ya ɗaga guduma da kansa kafin in tuna ba kowa a bakin inji.

Lungun ba ya shiguwa. In na zo da dama, mariƙin tsinke ya daki gefen farantin. In na zagaya ta ƙasa, ba na ganin abin da nake yi. Na kwanta a kan sifirin kamar ƙadangare, na murɗe wuya, na zagi ƙarfe, na zagi wanda ya ƙera tsanin. Ta hagu kawai akwai 'yar hanya. Na mayar da tsinke hagu. Shekara arba'in da 'yan kai a sana'a, abin da ya fito sai ka ce kaji sun kwana a wurin. Na kankare na sake, na kankare na sake. A na huɗu na ɗage gilashin walda don in ga kusurwar, tsinke ya taɓa ƙarfe, wuta ta watsu a idona. Kuskuren ɗan koyo.

Na dai cika tsagar na shafa fenti. Injiniya ta ce za su rataya buhunan yashi su gwada ranar Juma'a.

Talata, 11 ga wata, 8:00 na safe

Ido kamar an zuba yashi. Mamana ce ta karanta awon: 177/101.

Laraba, 12 ga wata, 5:00 na yamma

Ido. Kai. Abinci ba gishiri.

Alhamis, 13 ga wata, 7:20 na safe

173/100.

Kwana biyu ido a rufe da tsumma mai sanyi, ba abin kallo sai abu ɗaya. To bari in sauke shi a nan ko zan huta.

Ranar da aka rushe layin, katafila ta daki Turke sau biyu ya ƙi motsi. Simintin Baba ba wasa ba ne. Sai ga wani mai farar riga, wai shi ya zana lambun da za a yi, ya tsaya, ya zagaya shi sau uku, ya ce kada wanda ya ƙara taɓa shi. Kafin rana ta karya 'yan jarida sun cika wurin. Bahago ya bi mota ya kai injinanmu sabon shago. Ni kaɗai nake tsaye, an niƙe shagon ubana a gabana, ƙasa a bakina, sai wata 'yar jarida ta miƙo mini makirfo ta ce, ranka ya daɗe, wa ya yi wannan? Shekarata arba'in da tara a duniya ba wanda ya taɓa ce mini ranka ya daɗe. Na ce ni ne. Ta ce kai kaɗai? Ka ga ta buɗe mini ƙofar fita. Na ce ni kaɗai. Har na ƙara da cewa shekara ashirin da shida ina tunanin yadda zai kasance.

Da a nan aka tsaya da da sauƙi, magana iska ce. Amma ofis suka ce mai fasaha yakan sa hannu a aikinsa. Na yanka faranti mai kaurin yatsa, na rubuta sunana da tsinken walda, kowane harafi ya kai tafin hannu. Ƙofar lambun a yamma za ta kasance, to a yamma ya kamata a gan shi. Na hau na liƙa shi a kan sifirin Bahago.

Washegari ya zo ya tsaya a ƙarƙashinsa. Na shirya wa zagi, har na tanadi amsa. Bai ce uffan ba. Ya je sabon shago ya ɗauki ƙaramin inji da gudumarsa, ya bar mini babban, ya buɗe nasa wurin a ɗaya gefen gari. Tun daga nan sai gaisuwa a wurin jana'iza, ina gajiya, ba gajiya. Da ya zage ni da tuni mun shirya.

Na rubuta, ban huta ba.

Juma'a, 14 ga wata, 5:35 na yamma

180/103. A buhu na uku ɗinkina ya buɗe. Injiniya ta yi mini waya da ladabi, ladabin ya fi zagi ciwo. Ta ce ko in samu wani hannu ya taimaka, tunda idona bai warke ba. Ta ce saura mako biyu. Ta sake tambayar farantin, ko dole ne ya zauna a inda yake. Na ce layin waya ba ya da kyau, ba na jin ta.

Asabar, 15 ga wata, 6:10 na yamma

178/102.

Na sa riga mai kyau, na sayi lemo, na ratsa lambun ban ɗaga kai ba. Na kai har bakin layinsu. Ga ƙofar, koren fenti, ɗinkinta daga dama zuwa hagu. An shanya zanen gado biyu a igiya. Na tsaya wajen mai gyaran waya ina tambayarsa abin da ban damu da shi ba, har ya fara kallon ledar hannuna. Sai na ji ƙarar cokali a kan ƙarfe daga cikin gidan. Ƙafata ta juya ba da shawarata ba.

Na ba Mai Faci lemon.

Lahadi, 16 ga wata, 6:45 na safe

175/100. Mamana ta daina gaya mini halin da Bahago yake ciki. Ta gaishe ni, ta ajiye shayi, ta tafi. Na fi son lokacin da take faɗa.

Litinin, 17 ga wata, 5:50 na yamma

182/105.

Na je wai in sake duba lungun, na ɓuge da zama a bakin ɗakin Mai Faci. Ya ba ni kujera, shi ya zauna a kan tsohuwar taya, ya ce har yanzu ta fi masa kujera daɗi. Can sai ya nuna bencin da ke cikin jar igiya, ya ce ko na san na waye. Na ce na hukuma. Ya ce na Bahago ne. Tun da aka buɗe lambun, kusan kullum in ya tashi aiki sai ya zo ya zauna a nan, a ƙarƙashin sifirinsa, ya juya wa farantin baya. In yara suka tambaye shi mene ne wannan abu, sai ya ce musu wurin gwajin wuta ne, su yi ta dariya suna cewa tsohon bai waye ba. Shi ne ma ya fara ganin tsagar, tun bara. Mai Faci ya ce masa ya gyara mana, ai minti goma ne a wurinsa. Bahago ya ce ba a taɓa kayan mutane sai da izininsu.

Na ce me ya sa bai taɓa gaya mini ba. Mai Faci ya ce, "Kai da ba ka ratsa lambun nan sai da kanka a ƙasa?"

Ya ce kuma matar Bahago ta biyo jiya, ta ce labari ya kai masa cewa za a yanke Turke. Wunin ranar bai bar ƙarfen gado ya huta ba, sun kawo ruwa, sun kawo magani, sun juya shi, ba su gane abin da yake so ba.

Na gaji. Ban san mutum yana gajiya da abin da bai yi ba sai yanzu.

Talata, 18 ga wata, 6:20 na safe

Ban auna ba. Na san abin da na'urar za ta ce.

Talata, 5:40 na yamma

171/99.

Na yanke farantin. Ɗinki huɗu ne, nawa ne, daga hagu zuwa dama, na yi su da kyau don kada ya taɓa faɗuwa. Injin yanka ya ci faifai biyu. Muka ɗaure shi da igiya muka sauko da shi ni da Mai Faci, tsofaffi biyu, ɗaya ba gwiwa ɗaya ba ido. Da nauyin ya bar sifirin sai na ji ya yi ƙara ya ɗago kaɗan, tsagar ta haɗe baki da kanta.

Wurin da farantin ya rufe ba fenti. Ɗinkin Bahago yana nan fes kamar jiya aka yi shi. Na daɗe a kan tsanin har Mai Faci ya ce ko jiri nake ji.

Laraba, 19 ga wata, 5:55 na yamma

166/96.

Da farantin ya tafi, lungun ya zama fili. Na kankare kashin kajin da na yi, na buɗe tsagar, na ɗinke da dama. Minti goma sha biyu. Shi ne ɗinkina na farko na gaskiya a ɓangaren yamma. Suka rataya buhu takwas, ko gezau.

Injiniya ta ce za su yi ƙaramin allo a kafa a ƙasa, in faɗa mata abin da za a rubuta, sunana da ma'anar aikin. Na ce ta zauna. Na gaya mata labarin Baba, da wutar layi, da bugu ɗaya da bugu biyu, da wanda ya yi ɓangaren yamma gaba ɗaya. Na nuna mata ɗinkin kowannenmu da yatsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta tashi, ta zagaya Turke tana shafa ɗinki, ta dawo ta ce ita dama ma'anar da ke cikin takardun ofis ba ta taɓa shigar mata kai ba. Ta rubuta suna uku, na Baba a sama. Ba ta ƙara ce mini mai fasaha ba, ta koma cewa Baba. Ya fi.

Farantin yana ɗakin Mai Faci. Ya ce in zo in kwashe kayana, yana hana shi shimfiɗa tabarma.

Alhamis, 20 ga wata, 6:30 na yamma

184/104.

Na ari baro na tura shi har can. Minti ashirin da biyar ta zama awa ɗaya. Matarsa ta buɗe ƙofa, ta dube ni, ta dubi baron, ta ce, "Yaya, kai ne? Shigo, yana farke." Ba ta ƙara komai ba, Allah ya saka mata.

Ɗakin yana warin man zafi. Ya rame. Bakinsa ya karkace, gemu ya yi fari fat, ƙanena da na goya. Idon dai nasa ne. Na mirgino farantin na jingina shi da bango inda zai gani. Na zauna a kujerar roba. Sai bakina ya ɓalle. Na ce masa an gyara Turke, ba za a yanke ba, za a sa sunansa. Na ce ranar nan hankalina ba ya jikina, an rushe shagon Baba. Na ce 'yan jarida ne suka rutsa ni, ofis ne suka matsa a kan sa hannu, shi kuma ba ya nan, da yana nan da ba haka ba. Na ce shi ma da ya yi magana tun lokacin ai da an wuce wurin. Na yi ta zuba, yana kallon silin.

Da na ƙare, ya lalubo cokalin da hagu, ya kai shi jikin ƙarfen gado.

Ƙwal.

Na jira. Bai ƙara ba. Matarsa ta leƙo ta ce ko ruwa yake so. Na ce ba ruwa ba ne, da ni yake.

Juma'a, 21 ga wata, 6:15 na safe

179/101.

Da farko na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Kilo talatin da takwas a baro, da hawan jini. Sai da na sha shayi na tuna cewa a shekara ashirin da shida bugu ɗaya bai taɓa zama korar mutum ba. Ka murɗa ne, ka sake. Kuma na san inda wutar ta yi yawa. Duk wanda ya cika tsaga da surutu ya san a buhu na uku za ta buɗe.

Juma'a, 5:30 na yamma

Ban je ba. Na sa riga, na cire. Mamana ta ce yau bai ci abinci sosai ba. Tsoro nake ji, shi ke nan, tsoro.

Asabar, 22 ga wata, 6:40 na yamma

Na koma, ba baro, ba lemo. Farantin yana inda na bar shi, an ɗora masa tawul. Ban zauna a kujera ba, na durƙusa a gefen hagu inda zai gan ni ba sai ya juya ba. Na ce, "Bahago, ƙarya na yi. Ba wanda ya sa ni. Daɗi na ji, na cinye rabonka da na Baba. Ka yafe mini."

Ya daɗe. Na ji matarsa ta daina motsi a kicin. Hannun ya tashi a hankali, hannun nan da ke zare ɗinki kamar da zare da allura. Bugun farko da ƙyar ya fito, cokalin ya zame ya faɗa kan katifa. Ban taɓa shi ba. A bakin inji ba a taimaka wa mai gwaji, jira ake yi. Ya lalubo shi da yatsu, ya kama, ya huta, ya ɗaga.

Ƙwal.

Biyu ke nan. Na ƙirga, na sake ƙirgawa.

Na kifa kai a ƙarfen gadon da muka haɗa, na yi abin da ban yi ba tun ranar da muka binne Baba. Ya ɗora mini cokalin a ƙeya ya bar shi a nan. Daga baya matarsa ta kawo shayi, na ce ta ba ni in ba shi. Rabi ya zube a rigata, ya yi wata ƙara a maƙogwaro, ina jin dariya yake yi wa hannun damana.

Mamana tana tsaye a kaina da na'ura. 158/92. Ta ce in rubuta abin da ya ɓata mini rai yau. Na ce gishiri.